Sauya Gas a Tsofaffin Injunan Sanyi na Kasuwanci



Batun wannan lacca ya shafi wani abu ne wanda ba a ganinsa da ido, ba kuwa mai tunawa da shi sai ranar da ya tsiyaye, watau iskar nan da ke zagayawa cikin bututun firji da injin ƙanƙara da ɗakin sanyi, wadda masu gyara ke kira gas. Ɗan kasuwar da ya tara katan-katan na daskararren kifi, da mahaucin da nama ya kwana a hannunsa, da mai kantin da ya jera madara da kaji cikin akwatin gilashi, da ma'aikacin lafiya mai tsaron allurar rigakafi, dukansu dukiyarsu da amanarsu sun rataya ne a kan 'yan kilo kaɗan na wannan gas. To, sau uku ke nan tsakanin 1987 da 2016 ƙasashen duniya suna taruwa su yanke hukunci cewa irin gas ɗin da aka saba da shi ya zama illa, tilas a rabu da shi. Kowane karo kuwa tambaya ɗaya ce ke fuskantar mai inji: ya yar da injin da ya zuba wa jarinsa, ko kuwa ya fitar da tsohon gas ya ɗura sabo? Amsar ba ta da sauƙi kamar yadda masu talla ke nunawa.

Kafin a shiga cikin matsalar, ya kamata a tuna yadda injin ke aiki. Duk wanda ya sha ruwan randa ya riga ya san asalin hikimar. Ruwa yakan tsattsafo ta jikin randa, iska ta busar da shi, sa'ad da yake bushewa sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. Injin sanyi ma haka yake yi, sai dai shi ba ya barin ruwansa ya tafi. Gas ɗin yakan shiga bututun da ke cikin ɗakin sanyi yana ruwa-ruwa, ya tafasa a can ko da yake wurin da sanyi, domin shi ba ya bukatar wuta kafin ya tafasa. R-12, alal misali, yana tafasa a wajen digiri 30 ƙasa da sifiri in ba a matse shi ba. Da tafasar nan yake shanye zafin kifi ko nama. Sa'an nan kwamfaresa ta zuƙo tururin ta matse shi, ta tura shi zuwa kwandensa da ke waje, inda zai amayar da zafin ya koma ruwa, ya bi ta wani bawul ko siririn bututu mai rage matsi, ya sake shiga ɗakin. Abin lura shi ne, kowane sashe na wannan zagaye an auna shi ne bisa halin gas guda: girman kwamfaresa, da faɗin bututu, da ƙofar bawul, da irin man da ke shafe ƙarafa, har da robobin da ke toshe mahaɗa. Wanda ya sauya gas ya taɓa dukansu, ko ya sani ko bai sani ba.

Injunan farko sun yi aiki da amoniya da waɗansu iskoki masu guba ko masu kama wuta, har akan sami iyali sun kwanta barci firji ya yi yoyo ya hallaka su. A 1928 wani masanin haɗa sinadarai na Amurka, Thomas Midgley, da abokan aikinsa suka fito da R-12, a 1930 kuma ya nuna shi gaban taron masana: ya shaƙi gas ɗin ya cika huhunsa, ya hura ya kashe kyandir, don a ga ba guba ba wuta. Aka sa masa sunan kasuwa Freon. Shi wannan Midgley, in an tuna, shi ne kuma ya gano sa dalma cikin fetur a 1921, saboda haka da wuya a sami mutum guda da ya bar wa sararin sama aiki kamarsa, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi. Shekara arba'in da ɗoriya R-12 da danginsa, waɗanda ake kira CFC a taƙaice, suna mulkin kasuwa. Kantuna suka riƙe R-12 don sanyi matsakaici, R-502 kuma don daskararwa.

Nagartar gas ɗin ita ce ta zama aibinsa. Da yake ba ya ruɓewa ba ya haɗuwa da kome, in ya tsiyaye sai ya yi ta yawo shekara da shekaru har ya kai can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, inda lemar ozon take tare mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido da amfanin gona. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka bayyana cewa a can hasken rana yakan farfasa CFC ya saki sinadarin kulorin, ƙwaya ɗaya tak ta kulorin kuwa tana iya rushe ƙwayoyin ozon dubbai kafin ta gushe. Masu masana'antu suka yi ta gardama, har 1985 sa'ad da Joe Farman da abokansa na ayarin binciken Ingila a Antaktika suka buga awon da ya nuna lemar ta yi mummunan sirancewa a can ƙarshen kudancin duniya. Ran 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu a Yarjejeniyar Montiriyal ta ƙasar Kanada. Nijeriya ta shiga a 1988. Ƙasashe masu arziki suka daina CFC a farkon 1996, aka ba ƙasashe masu tasowa wa'adi zuwa farkon 2010, aka kuma kafa asusu a taron Landan na 1990 don taimaka musu. Yarjejeniyar ta yi aiki: rahoton masana na 2022 ya ƙiyasta lemar za ta koma yadda take a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a Antaktika kuma wajen 2066.

A wannan zamani ne sana'ar sauya gas ta fara, a nan kuma aka koyi darasin farko, wanda har yau shi ne ya fi cin kwamfaresa: darasin mai. Gas ɗin da ya gaji R-12 shi ne R-134a, matsinsa da sanyinsa sun yi kusa da na R-12 ƙwarai, har mutum ya zaci fitar da wannan a ɗura wancan ya wadatar. Amma man da ke cikin kwamfaresa ba ya zama wuri ɗaya. Kullum wani kaɗan yakan fita tare da gas, ya zagaye bututu duka, ya komo. Komowarsa ta dogara ne ga narkewarsa cikin gas ɗin. Tsohon mai, wanda ake tacewa daga ɗanyen man ƙasa, yana gaurayuwa da R-12 sarai, amma da R-134a sai su zama kamar ruwa da man gyaɗa. Sai man ya fita bai komo ba, ya kwanta cikin bututun sanyi ya yi kauri, ya lulluɓe jikin bututun ya hana shi shan zafi, ita kuwa kwamfaresa tana can tana gudu a bushe. Ba ranar da aka yi aikin take mutuwa ba. Takan yi mako uku ko wata biyu, mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sa'an nan wata rana da tsakar dare ta tsaya cik, da kifi cike da ɗaki.

Maganin shi ne man da ake haɗawa a masana'anta, wanda ake kira POE. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a tsiyaye tsohon mai, a zuba POE, a bar injin ya yi aiki da tsohon gas na wani lokaci don sabon man ya wanko ragowar da ke cikin bututu, a sake tsiyayewa, haka har kamar sau uku, sai an auna an ga tsohon man da ya rage bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Babbar kwamfaresa mai ƙusoshi tana da mashigar mai da mafitarsa, amma ƙarama wadda aka liƙe da walda ba ta da su, sai an yanke ta an kifa ta. Shi ma POE yana da nasa hali. Yana shan danshin iska kamar gishiri da damina, in kuwa ya sha sai ya koma ya haifi tsami mai cin wayoyin kwamfaresa. Gwangwanin da aka buɗe aka bari a shago har gobe ya riga ya lalace, wanda aka juye cikin jarkar roba ma haka, domin danshi yana ratsa roba. Bugu da ƙari yana da kaifin wanki: duk dattin da ya shekara ashirin manne a jikin bututu sai ya kankaro shi ya kai shi ƙofar bawul ya toshe. Don haka ne ake sauya matatar danshi, wadda masu gyara ke kira diraya, a ranar aikin, a kuma sake duba ta bayan 'yan kwanaki.

Saboda wahalar wannan wanki, kamfanoni suka fito da gas na wucin gadi irin su R-401A da R-409A a madadin R-12, da R-402A da R-408A a madadin R-502. Dukansu gauraye ne masu ɗauke da R-22, shi ya sa ba su faye faɗa da tsohon mai ba. Shi R-22 ɗan wani dangi ne da ake kira HCFC, ɓarnarsa ga ozon ba ta wuce wajen kashi 5 cikin ɗari na ta R-12 ba, amma dai ɓarna ce, saboda haka aka sa shi cikin yarjejeniyar a 1992, aka kuma gajarta wa'adinsa a 2007. Bisa jadawalin ƙasashe masu tasowa, an tsayar da ƙaruwarsa a 2013, aka yanka kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, za a rufe ƙofa a 2030, in ban da ɗan abin da bai wuce kashi 2.5 ba wanda aka bari don gyaran tsofaffin injuna zuwa 2040. Nijeriya ba ta yin R-22, shigo da shi ake yi da lasisi, da kuɗin waje. Mai ɗakin sanyin da ke aiki da shi ba ya bukatar boka ya gaya masa inda farashinsa ya nufa.

Wanda zai rabu da R-22 kuma yana da wani tarko na daban, watau robobin mahaɗa. R-22 yakan shiga jikin roba ya kumbura ta, kumburin nan kuwa shi ke toshe ƙofa shekara da shekaru. Da an fitar da shi sai robar ta motse, sabon gas ya sami hanya. Sau da yawa akan ɗora wa sabon gas laifin yoyo, alhali kuwa ba a sauya robar da kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba.

Yanzu sai karo na uku, wanda ya fi ban takaici. Gas ɗin da aka rungumo don ceton ozon, dangin HFC, ba su da kulorin, amma suna riƙe zafin duniya fiye da kima. Akan auna wannan ne da kwatanta kilo ɗaya na gas da kilo ɗaya na iskar kabon dayoksaid cikin shekara ɗari. A wannan ma'auni R-134a yana da 1,430, R-22 yana da 1,810, R-404A kuwa, wanda ya gaji R-502 ya mamaye kantuna da ɗakunan daskararwa na duniya, yana da 3,922. A ƙaddara ɗakin sanyi mai ɗauke da kilo 20 na R-404A yana zubar da rubu'insa a shekara, wanda shi ne kimanin abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta manyan kantunan ƙasarta ke zubarwa. Kilo 5 ke nan, daidai da kusan tan 20 na kabon dayoksaid, daga ɗaki guda, ba tare da an ƙona ko lita ɗaya ta mai ba. Ran 15 ga Oktoba 2016 a Kigali ta Ruwanda aka yi wa yarjejeniyar gyara aka sa HFC ciki, Nijeriya ta amince a 2018. Rukunin da ƙasashen Afirka ke ciki ya tsayar da ƙaruwa a 2024, zai rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, kashi 30 a 2035, rabi a 2040, kashi 80 a 2045. A lura, ragewa ce ba hanawa ba, kuma da nauyin ɗumama ake lissafi ba da nauyin kilo ba. Ma'anar wannan ita ce, duk kilo ɗaya na R-404A da aka shigo da shi ya cinye gurbin kusan kilo uku na gas mai sauƙin ɗumama, don haka shi ne zai fara tsada, shi ne kuma zai fara ɓacewa.

Turai ta riga ta nuna yadda abin ke tafiya. Dokarta ta 2014 ta hana, daga farkon 2020, a ɗura sabon gas mai ma'aunin 2,500 ko fiye a injin da ke ɗauke da abin da ya kai tan 40 na kabon dayoksaid, watau kilo 10 da 'yan kai na R-404A. Dokar 2024 ta ƙara tsanantawa. Kantuna da yawa suka sauya gas, waɗansu suka tuge injunan ɗungum. Ina tsofaffin suka nufa? Wani kaso nasu yakan hau jirgin ruwa ya sauka a tashoshin Afirka ta Yamma da sunan gwanjo. Mai saye yana murna ya sami kayan Turai da araha, bai san ya sayi injin da masu shi suka rabu da shi ne domin abincinsa ya kusa ƙarewa ba. Araha dai ba ta ado. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji, ta fara aiwatar da hanin a 2013, kuma dalilanta sun cancanci nazari a nan.

Ga injin R-404A ko R-22 mai sauran ƙarfi, abin da aka fi ɗurawa shi ne R-407A, ko R-407F, ko kuma R-448A da R-449A, su biyun nan na ƙarshe ma'aunin ɗumamarsu bai kai 1,400 ba, watau an rage kusan kashi biyu cikin uku na R-404A. Injin R-404A ya riga yana da man POE, saboda haka an huta da wanki. Amma akwai abu biyu da ke rikita mai gyaran da ya saba da gas tilo.

Na farko, waɗannan gauraye ne na gas uku zuwa biyar, kowanne da zafin da yake tafasa. Saboda haka gaurayen ba ya tafasa a digiri guda; yakan fara a wani digiri ya ƙare a wani, tazarar takan kai wajen digiri 5, a R-407C ma wajen 7, alhali a R-404A ba ta kai digiri ɗaya ba. Wannan tazara ta sa jadawalin matsi na irin wannan gas yana da layi biyu, ɗaya na farkon tafasa ɗaya na ƙarshenta. Wanda zai daidaita bawul sai ya yi lissafi da layin ƙarshen tafasa, in ya ɗauki ɗayan ya yi kuskuren digiri biyar, kuskuren nan kuwa ya isa ya sa ruwan gas ya kwararo cikin kwamfaresa, ita kuwa tururi kaɗai aka yi ta don ta matse. Har wa yau dole a ɗura shi daga tukunya yana ruwa. In aka ɗebi tururinsa, mai saurin tashi ne zai fara fita, abin da ya shiga injin ba shi ne abin da aka rubuta a jikin tukunyar ba, abin da ya rage cikin tukunyar ma ya gurɓace.

Na biyu ya fi shafar ƙasa mai zafi. Waɗannan gauraye suna fita daga kwamfaresa da zafi fiye da R-404A. A ƙasar da bazararta ba ta wuce digiri 30 ba, wannan ƙaramin abu ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu, inda inuwa kanta ke wuce digiri 40, kwandensa kuma tana kan rufin kwano ƙura ta toshe haƙarƙarinta, ƙarin nan yana iya kai mai ga ƙonewa, musamman a injin daskararwa. Tilas a tambayi kamfanin da ya ƙera kwamfaresar ko ya yarda da wannan gas a irin wannan zafi, a ƙara mata fanka a ka ko na'urar fesa ruwan gas don sanyaya ta in ana bukata. Takardar da aka rubuta don kantin Jamus ba ta san Afrilun Sakkwato ba.

Sauran aikin sananne ne, sai dai an fi tsallake shi. A rubuta matsi da zafi da cin wutar injin tun yana kan tsohon gas, don a sami abin kwatance. A kwashe tsohon gas da na'ura zuwa tukunya, kada a cika ta fiye da kashi 80 cikin ɗari. Al'adar nan ta yanke bututu a bar gas ya bi iska asara ce biyu, domin gas ɗin da aka kwashe aka tace shi ne zai ciyar da injunan da ba a sauya ba. A gwada yoyo da busasshiyar iskar naitirojin. Kada a kuskura a yi da iskar oksijin ta masu walda, domin oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi fashewa suke yi. A zuƙe iska da danshi da famfon da aka yi don haka har ma'auni ya sauka zuwa maikiron 500; tsohuwar kwamfaresar firji da ake ɗaura wa tiyo a yawancin shaguna ba ta iya kaiwa nan. A ɗura gas da sikeli, a fara da ƙasa da nauyin tsohon, a riƙa ƙarawa ana dubawa.

Akwai kuma haɗarin jabu, wanda ke ƙaruwa duk sa'ad da gas ya yi tsada. A 2011 kwantenoni masu sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu. Bincike ya nuna an ɗura musu jabun R-134a ne wanda aka gauraya da R-40, ɗaya daga cikin tsofaffin iskokin nan masu guba da aka gudu tun zamanin Midgley. R-40 yakan ci ƙarfen alminiyam na cikin kwamfaresa ya haifi wani sinadari mai kama wuta da kansa da zarar ya sha iska. Launin tukunya da tambarin da ke jikinta ba shaida ba ne. Na'urar tantance gas kaɗai ke faɗin gaskiya, ita kuwa ta fi ƙarfin aljihun mai gyara guda, sai dai ƙungiya ko dila ko makaranta.

To, me ya hana a koma ga gas ɗin da kusan ba ya ɗumama duniya? Akwai su uku, dukansu tsofaffi ne, amma ba wanda za a ɗura a tsohon inji. Amoniya, wadda Carl von Linde ya gina injinta a shekarun 1870, har yanzu ita ce sarauniyar manyan rumbunan sanyi da masana'antu, amma tana cin jan ƙarfe, bututun injunan kasuwa kuwa na jan ƙarfe ne. Kabon dayoksaid, R-744, wanda Gustav Lorentzen na Norwe ya farfaɗo da shi a ƙarshen shekarun 1980, ya cika kantunan Turai, sai dai matsinsa yakan kai ninki huɗu ko biyar na R-404A, tsohon bututu ba zai ɗauka ba. Kuma bisa digiri 31 ba ya komawa ruwa kome matsin da aka yi masa, abin da ya sa aka daɗe ana cewa ba na ƙasar zafi ba ne. An sami dabarun rage wannan rauni, har a 2018 aka buɗe wani babban kanti mai aiki da shi a Amman ta Jodan, amma inji ne sabo fil, mai tsada, mai bukatar gwani a kusa.

Na uku shi ne ya fi jan hankali ya kuma fi ban tsoro: furofen, R-290, da ɗan'uwansa R-600a. Ma'aunin ɗumamarsu wajen 3 ne kacal, suna sanyi da kyau, suna jure zafi, ba su faɗa da tsohon mai, nauyin da ake bukata bai kai rabin na R-12 ba. Tun 1993, sa'ad da wata masana'anta a gabashin Jamus ta fitar da firjin gida mai irin wannan gas da goyon bayan ƙungiyar Greenpeace, ya bazu duniya. Amma dangin gas ɗin girki ne. Furofen yana kama wuta in ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari na iskar ɗaki, ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya taru, wanda aka tace don firji kuma ba a sa masa warin gargaɗi ba. Injin da aka ƙera dominsa an rufe duk wani makunni mai tartsatsi, an kuma ƙayyade nauyin gas: ƙa'idar duniya ta firjin kasuwa mai kwamfaresa a jikinsa ta tsaya a giram 150 har 2019, sa'ad da aka ɗaga ta zuwa giram 500. A kwatanta wannan da ɗakin sanyi mai cin kilo da yawa, mai fitila da makunni da fanka a ciki, ƙofarsa a rufe ruf. Mai gyaran da ya ɗura furofen a irin wannan ɗaki domin ya fi araha, balle wanda ya ɗura gas ɗin girki mai danshi da datti, ya haɗa bam ne ya miƙa wa yaron da zai kunna fitila da asuba. A nan ba wani sassauci: furofen na sabon inji ne wanda aka yi dominsa.

Saboda haka hukuncin ya koma ga lissafi. Injin da bai tsufa ƙwarai ba, bututunsa lafiya, kwamfaresarsa da ƙarfi, sauya masa gas ya fi, domin kuɗin bai kai na sabo ba ko kusa, R-448A da R-449A kuma sau da yawa sukan ɗan rage cin wuta. Injin da ke yoyo ta ko'ina kuwa, sabon gas ma bin iska zai yi, da tsadarsa. Ƙaramin firjin kanti mai liƙaƙƙiyar kwamfaresa bai cancanci wahalar ba, a bar shi ya ƙare kwanansa a sayi na R-290. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa gaurayen da ake ɗurawa yau su ma masauki ne ba gida ba: jadawalin Kigali zai iske su, ana kuma muhawara a Turai kan wani sinadari mai daɗewa cikin ruwa da ɗaya daga cikin abubuwan da ke cikinsu ke rikiɗewa ya zama. Wanda ya sauya ya sayi shekaru ne, ba dawwama ba. Sa'an nan a wurin da janareta ke ɗauke da rabin yini, hayaƙin man da aka ƙona don juya kwamfaresa yakan yi gogayya da illar gas ɗin kansa, don haka wanke kwandensa, da yi mata inuwa, da gyara robar ƙofa, suna iya yin abin da sabon gas bai yi ba.

Nijeriya tana da Ofishin Ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ta kafa dokar kare lemar ozon a 2009, masu sana'ar kuma suna da ƙungiyarsu. Amma yawancin hannayen da ke taɓa waɗannan injuna a bakin titi suka koyi aiki, wurin maigidan da shi ma ya koya a zamanin da gas iri biyu ko uku ne kawai a kasuwa, ana gane su da launin tukunya. Yau sun yi yawa, waɗansu na kama wuta, waɗansu ba su jure kuskuren digiri biyar. Ba laifin mai koyo ba ne in ba a koya masa ba, kuma a nan ne jami'a da kwalejin fasaha suke da bashi a wuyansu: jadawalin matsi da bayanin kowane gas cikin harshen da mai gyara ke karantawa, gajeren horo na yamma, da ɗakin gwaji inda zai kawo tukunyar da yake shakka a auna masa. Akwai ma abin da bai bukatar ko wannan. Duk injin da aka sauya, a manna masa takarda a jikin kwamfaresa, a rubuta sunan sabon gas, da nauyin da aka ɗura, da irin man, da ranar aikin. In babu ita, mai gyaran da za a kira bayan shekara biyu zai karanta tsohon tambarin masana'anta ne, ya ɗauko R-22 ya ƙara a kan R-449A, sa'an nan ba jadawalin da zai gaya wa kowa abin da ke cikin bututun, ba kuma matatar da za ta karɓi gas ɗin in an kwashe.